Dagi da Wata a Jikin Kek: Yadda Aikin Wani Biki Ya Kaya Mana a Aboabo

Ranar wata Talata da hantsi Hajiya, uwar amarya, ta shigo shagona a Aboabo, jakar leda a hannu, ƙanwar ango na biye da ita. Saura kwana goma sha biyu biki. Watan Yuni ne, tsakiyar babbar damina a Kumasi, lokacin da gishiri ke jiƙewa a cikin gwangwani, ashana ta ƙi kamawa.

Bayan mun gaisa ta zaro wata tsohuwar babbar riga shuɗiya ta marigayi mijinta, ta shimfiɗa a kan tebur, ta ɗora yatsa kan wani dagi da aka yi wa aikin hannu kusa da aljihu.

"'Yata, wannan nake so a jikin kek ɗin. Shi ɗin nan fa, ba ɗan'uwansa ba."

Kakan amarya Bakano ne, fataucin goro ya kawo shi ƙasar Tonawa, wato Ashanti, har ya kafa gida a zango, kuma zuriyarsa ba sa yarda a manta da hakan. Ango kuwa Batone ne Musulmi, dangin uwarsa mutanen Ntonso ne, garin da ke kan hanyar Mampong na masu buga adinkira, wato alamomin gargajiya da ake bugawa a jikin zane. Don haka ƙanwarsa ma da nata ta zo: alamar osram ne nsoromma a kewaye hawan tsakiya, Gye Nyame kuma a can ƙoli. Hajiya ta ɗan ɗaure fuska, sai da yarinyar ta yi mata bayani. Gye Nyame ma'anarsa "sai Allah". Ɗayar kuwa wata ne da tauraro, alamar amana da zaman lafiya tsakanin miji da mata. Hajiya ta saki rai.

"Ashe Zara ce matar wata. Ai wannan namu ne. A sa."

Muka tsaya a kan kek mai hawa uku, inci 10, inci 8 da inci 6, tsayin kowane inci 4, an lulluɓe da farin fondan, wato kwaɓin sukarin da ake murzawa a rufe kek da shi. Dagi ruwan zinariya a ƙasa, wata da tauraro baƙaƙe a tsakiya, zanen lalle a hawan sama. Sharuɗɗa uku Hajiya ta gindaya. Kada ɗigon giya ya shiga komai. Kada a sa fondan mai jelatin ɗin da ba a san dabbar da ya fito ba. Na uku ta faɗe shi ne tana gyara mayafi za ta fita: kek ɗin zai zauna a ƙarƙashin kanofi, a kan layi, daga bayan azahar har la'asar sakaliya. Biyun farko na rubuta a littafi. Na ukun kunnena ne kawai ya ji, kuma shi ya ci mini mako guda.

'Yan koyo sun sha tambayata hanyar da ta fi kyau wajen kwafe zane zuwa jikin kek. Shi ya sa na rubuta wannan aikin dalla-dalla, har da wuraren da na sha ƙasa, don a cikinsa na bi hanya uku kafin ɗaya ta ɓulle.

Daga riga zuwa takarda

Yarinyata mai koyo ta ɗauki hoton dagin da waya, muka kai aka buga. Ya fito a baje kamar an zauna a kansa, domin a karkace ta riƙe wayar. Sai muka goge rigar, muka shimfiɗa ta sosai, na ɗora takardar gashin kek na bi zaren da fensir. Aikin hannu tudu da kwari ne, layin sai ya fito yana rawa, don haka na sake tsabtace shi a kan takarda mai gida-gida irin ta lissafi, sannan mai fotokofi ya daidaita mini shi zuwa inci 3.

Wanda bai zura wa dagi ido ba zai ɗauka layuka ne suka gitta juna kawai. Ba haka ba ne. Zare ne yake hawa kan ɗan'uwansa, a mahaɗa ta gaba ya nutse ƙarƙashi, a ta gaba ya sake hawa, ba ya hawa sau biyu a jere. Wannan hawa da nutso shi ne ɗaurin. In ya ɓace, abin da ya rage ragar kifi ce. A kan takardata na yi wa duk zaren da ya hau jan layi, wanda ya nutse na bar masa giɓi.

Gwajin farko: kirim a firiza

Na fara da hanyar da ta cika bidiyoyin YouTube. Ana shimfiɗa hoton a kan faranti, a rufe da takardar gashi, a bi layukan da kirim ɗin bota mai kauri, a cike ciki da launi, a shafe baya da farin kirim, a kai firiza awa ɗaya ko biyu har ya sandare kamar allo. Sai a kife shi a kan kek a ɓare takardar. Ran Alhamis na gwada da Gye Nyame a kan ɗan ƙaramin kek, ya fito tsaf, har na yi masa hoto.

Ran Juma'a ƙanwar ango ta biyo. Kallo ɗaya ta yi masa ta rufe baki tana dariya.

"Anti, kin juya mana shi."

Na ce ina? Ta jawo kujerar roba da ke bakin shagon, irin wadda aka zana Gye Nyame a majinginarta, ta ajiye kusa da kek ɗin. Kujerar da nake zama a kai kullum. Nawa ya fito kamar an haska shi a madubi, hannun da ya kamata ya lanƙwasa dama ya koma hagu. Dalilin a fili yake, amma sai da na ji kunya na riƙe shi: fuskar da ta kwanta a jikin takarda ita ce za ta kalli jama'a, saboda haka duk abin da za a kife, a juye ake zana shi tun farko. Da wata da tauraro na gwada, ba wanda zai gane, tunda damansa da hagunsa ɗaya ne. Rubutu da irin su Gye Nyame su ke tona asiri.

Wannan gyara ne mai sauƙi, a juya takardar kawai. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Muna tsaye muna magana, na ga zanen da na fito da shi daga firji ya fara zufa, baƙin yana tsiyaya cikin fari kamar kwallin amarya bayan kuka. Abu mai sanyi in ya haɗu da iska mai laima, ruwa ke taruwa a jikinsa, yadda ledar fiya wata mai sanyi ke jiƙa hannu. Launin kwalba kuma ruwa ne ke narka shi, sai ya bi zufar. Ga shi bota tana narkewa tsakanin digiri 32 da 35, ƙarƙashin kanofi da rana kuwa ba nisa da hakan. Sannan allon kirim ba ya lanƙwasa, in aka matsa shi a gefen kek mai zagaye tsagewa yake yi. Hanyar tana da kyau ga kek mai faɗi na bikin haihuwar yaro, wanda za a fito da shi a yanka nan take. Ba ta wannan aikin ba ce.

Gwaji na biyu: aisin farin ƙwai

Aisin farin ƙwai, wanda a shago muke cewa royal, ba ruwansa da zafi. Farin ƙwai ɗaya, garin sukari giram 200 zuwa 250, a buga har ya tsaya. Shi ba a juya masa zane, tunda saman da kika zana shi ne zai kasance sama. A zana iyaka da mai kauri, a cike da mai ɗan ruwa, a bari ya bushe, a ɓare a manna. Ran Asabar muka zauna ni da yarinyata muka yi dagi ashirin, alhali takwas nake bukata, don na san wasu za su karye.

Abin da aka saba faɗa shi ne a ba shi awa 24. Wannan lissafin mutanen da iskarsu ke bushe ne, ko mu nan a watan Janairu da hunturu ya sauko. Sukari mai jan ruwa ne, in iska ta jiƙe shi ma ba zai saki nasa ba. Ran Litinin na danna ɗaya da farce, ya lotsa. Na jera su a cikin obin, ban kunna wuta ba sai ɗan ƙwan fitilar ciki don ɗuminsa ya taimaka. Da magariba aka ɗauke wuta, dumso ya tuna da mu, ba a dawo da ita ba sai asuba, ruwa kuma ya kwana yana zuba.

Ran Talata na fara ɓarewa. Goma sha uku suka karye a hannuna, don dagi rabinsa rami ne, sauran siraran layuka. Bakwai suka tsira, ɗaya bai kai ba ke nan. Da na ɗora guda a jikin gwangwanin gashi don in ga yadda zai zauna, sai cibiyarsa kaɗai ta taɓa, kunnuwan suka tsaya a iska. A shimfiɗe na busar da su, kek kuwa zagaye ne. Da a jikin gwangwanin na naɗa takardar suka bushe a lanƙwashe, da wannan matsalar ba ta taso ba, amma laimar tana nan daram.

Saura kwana biyar. Yarinyata ta ce, "Madam, mu kai Adum a buga mana a takardar sukari mana." Na kira Hajiya na gaya mata. Ta ce, "Kalanda zan kafa a bikin 'yata?" Ni ban raina bugun inji ba. Ga hoton mutum ko tambarin kamfani babu kamarsa, kuma da na kai Gye Nyame can tun farko da na huta. Sai dai injin ba ya buga ƙyalli. Ruwan zinariya a wurinsa rawaya ce mai duhu, kamar miyar taushe.

Abin da hatimin ƙwarya ya nuna mini

Ran Laraba ƙanwar ango ta dawo daga Ntonso ta kawo mini hatimin adinkira guda, wai ko zan danna shi a kan fondan a huta. Ɓallen ƙwarya ne aka sassaƙa alamar a bayansa, aka kafa masa 'yan tsinkaye aka ɗaure su wuri ɗaya suka zama mariƙi. Ya sha rini har ya yi baƙi ƙirin. Rinin daga ɓawon itacen badie ake yin sa, a jiƙa, a daka a turmi, a yi ta dafawa har ya yi kauri. Na zane ne, ba na ciki ba, ƙwarya kuma tana tsotse abin da aka tsoma ta. Na ce mata ba zai taɓa kek ba. Amma na daɗe ina jujjuya shi a hannu.

Fuskarsa a juye take, kamar yadda ta kamata. Na tambaye ta yadda kawunnanta ke yi alamomin su jeru ba karkata. Ta ce ai ba a fara da hatimi. Sai an shimfiɗa zanen an kafe shi, a tsoma wani katako mai haƙora kamar matsefi a cikin rini a ja layuka, a raba zanen gida-gida, sannan a bi kowane gida a buga. Ko tsohon zanen adinkira da Bature Thomas Bowdich ya samu a Kumasi a 1817, wanda ke gidan tarihin Birtaniya a Landan, haka yake, gida-gida.

A nan na ga inda na ɓata mako. Sau biyu ina ƙera zane a wani wuri, ina jiran sanyi ko bushewa su ƙarfafa shi, don in ɗauko in manna. Sanyin na hannun masu wuta, bushewar na hannun damina, babu wanda ke hannuna. Mutanen Ntonso ba sa ɗauko komai daga ko'ina. A jikin zanen suke raba gida, a jikinsa suke bugawa.

Gye Nyame na gama da shi a ranar. Na cire gilashin wani firem, na wanke, na sa zanen a juye a ƙarƙashinsa, na bi layukan da royal mai kauri siriri, na sa a gaban fanka. Siririn layi ba kamar cikon tafki ba ne, cikin 'yan awoyi ya bushe. Ya zama hatimina. Na murza fondan da aka cuɗa da ɗan garin CMC don ya yi ƙarfi, na yanka faifai, na danna gilashin a kai, alamar ta fito a miƙe. Na yi shi a faifai daban ne saboda Hajiya da gwaggon ango sun haɗu a kan magana ɗaya: abin da ke ambaton Allah, wuƙa ba za ta bi ta kansa ba. A ɗauke shi kafin a yanka.

Awo da allura

Alhamis na gasa. Juma'a da safe na shafe da kirim na lulluɓe da fondan, na ajiye su a ɗaki da fanka har wayewar Asabar, don fatar fondan ta ɗan yi tauri, takarda kada ta manne, yatsa kada ya bar shaida. Firji ban ko kalle shi ba. Na riga na ga abin da zufa ke yi.

Tun daren Alhamis na yanka ɗamarar takarda da lissafi: inci 10 sau 3.14, ya ba ni 31.4. Da na naɗa ta a hawan ƙasa ran Asabar, bakin biyu suka ƙi haɗuwa, giɓin ya kai yatsu biyu. Gwangwani na auna, na manta kek ya sa riga biyu, kirim da fondan, faɗinsa ya koma inci 10 da rabi. Na ɗauko tef ɗin tela na zagaye shi: inci 33. Na tsakiya, da lissafi zai ce 25, ya ba ni kusan 27. Tun daga ranar ban sake yanka takarda ba sai kek ya gama sa tufafinsa.

Sabuwar ɗamarar na ninka ta biyu, na sake ninkawa, na sake, ta ba ni gida takwas daidai wa daida ba tare da na raba komai da alƙalami ba, kowane gida inci 4 da ɗan ɗoriya. Dagi mai inci 3 ya zauna a tsakiyar kowane, da sarari hagu da dama. Ta hawan tsakiya ma takwas na ninka ta, don in an ɗora, kowane wata ya tsaya a kan dagi. Na kwafe zanen a gidajen da fensir, na naɗa ɗamarar, gefen fensir yana kallon waje don kada baƙinsa ya shafi abin ci. Gindin takardar ya zauna a kan allon kek ko'ina, shi ne ma'aunin da ke hana zane hawa tudu. Na haɗe bakin da salatif, takarda a kan takarda, na kafe sama da fil huɗu masu manyan kai. Huɗu na ƙirga da ƙarfi yarinyata na ji, huɗu kuma muka ƙirga da aka cire. Wannan ba abin wasa ba ne, kek ɗin ciki zai shiga.

Allura sabuwa ce, na tafasa ta, na naɗe gindinta da salatif don riƙo. Sai tsira. A kan lanƙwasa, huda kusa da kusa, tazarar kamar milimita 3. A kan miƙaƙƙen layi, santimita guda ma ya isa. Tsinin kawai ke shiga. In hudar ta yi zurfi ta kai ga kirim, maiƙo zai biyo ta, royal kuma ba ya shiri da maiƙo. In ta yi faɗi, layin da za a ɗora ba zai rufe ta ba, sai kek ya fito kamar mai zanzana.

Wurin da ya fi cin hankali shi ne mahaɗa. Da an cire takarda babu jan layi, babu giɓi, ɗigo ne kawai fari a kan fari, kuma a inda zare huɗu suka taru sai ido ya rikice. Dabarar da na yi: zaren da ya hau, hudarsa ta wuce ba yankewa. Wanda ya nutse, in tsaya saura huda biyu kafin mahaɗa, in tsallake, in ci gaba bayan huda biyu. Kafin in kwance ɗamarar sai na ɗaga kusurwa ɗaya na leƙa, don in an cire ba ta komawa daidai inda take. Hudar ba ta ganuwa a hasken sama. Yarinyata ta riƙe fitilar waya daga gefe, kowane rami ya yi 'yar inuwa, dagin ya bayyana.

Hawan ƙasa ya ci awa biyu. Biyar na tsira da hannuna. Da aka kira azahar na miƙa wa yarinyata allurar ta ƙarasa ukun baya.

Hannun mai lalle

Ina iya matsa aisin, amma dagi takwas da zanen lalle a yini ɗaya sun fi ƙarfin wuyan hannuna. Na aika aka kira maƙwabciyata mai lalle, wadda ita ce ma ta yi wa amaryar. Sharaɗina ɗaya: kayanta su tsaya a gida. Dayis ɗin da ake baƙin lalle da shi maganin rina gashi ne, ko kusa da abinci bai kamata ya zo ba. Ta wanke hannu har gwiwa, ta sa safar hannu, na ba ta ledar matsi sabuwa.

Layin farko ta ja shi yadda ta saba, bakin leda na goga fata. Ya karce fondan. Na nuna mata: a taɓa a mafari, a ɗaga kaɗan, a bar zaren aisin ya rataya ya kwanta da kansa a kan ɗigon, a sake taɓawa a ƙarshe. Ta gwada a bayan faranti sau biyar ko shida, ta ce, "Yaya, ai wannan ya fi ƙafar amarya sauƙi, shi ba ya jin cakulkuli." Daga nan ban ƙara koya mata komai ba. Muka tokare faifan juyi da tawul ta gefe guda don bangon kek ya ɗan kwanta, ta bi dagin da bakin matsi mai lamba 2. Inda layi ya yi ƙaho, ni ke bi da ɗan burushi mai laima in kwantar. A hawan sama kuwa iyaka da cibiyar kowane fure kawai na tsira mata, sauran daga kanta ta zuba da lamba 1. Da na tsira mata duka da na ɗaure mata hannu a banza.

Wata da tauraro ba su ba mu wahala ba. Tsira, sannan fenti.

Fentin ne ke da magana. Garin zinariya na kek, yadda akasari ake koyarwa, da giya mai ƙarfi ake dama shi, don tana tashi nan da nan ta bar ƙyallin. Wasu kan ce a sa ruwan ƙamshin lemun tsami na kwalba, amma duba bayan kwalbar, yawancinsa shi ma giyar ce a ciki. Malamai suna da maganganu a kan abin da ya tashi ya bi iska, ni dai Hajiya ta riga ta yanke. Ruwa kuma narka sukari yake yi. Sai na koma ga man koko, na ci, ba na shafawa ba. A Ghana, ƙasar da ta yi suna a noman koko a duniya, abin kunya ne a ce sai da na matsu na tuna da shi. Na narka kaɗan a ƙaramin faranti a kan kofin ruwan zafi, na dama garin a ciki. Tun wajen haɗa royal ɗin na ba shi launin zuma, don shafa ɗaya ta wadatar, inda burushi ya tsallake kuma kada fari ya leƙo. Baƙin wata da na Gye Nyame ma da man koko na dama, da launin gari, don na kwalba ba ya haɗuwa da mai. Riba biyu ke nan: babu giya, kuma launin da ke cikin mai laima ba ta kwashe shi. A duba gwangwanin garin kafin a saya. Wanda aka rubuta ana ci daban, wanda aka ce ba guba ba ne kawai daban, na biyun na ado ne da za a cire.

Mun tashi ƙarfe goma sha ɗaya na dare.

Lahadi

Hawa ukun kowane da kwalinsa, a tasi, a shimfiɗe a kan tawul. Wani ya ce ga pragiya, keke mai ƙafa uku, ta fi araha, na ce ramukan hanyar sun fi ta tsada. Tun a shago na yi wa gaban kowane allo alama, don haka ɗorawa a wurin bikin bai ɗauki minti goma sha biyar ba, wata ya sauka kan dagi, mahaɗar takarda ta koma baya wajen bango.

Wajen uku da rabi hadari ya haɗo, aka yi ruwa na rabin awa. Fondan ya ɗauki sheƙi, in an taɓa zai yi danƙo, na kafa yarinyata ta tsare shi daga yara. Layukan ba su motsa ba, baƙin bai tsiyaya ba. Kafin ruwan dai, gefen da rana ta leƙo ta ƙasan kanofi ya yi laushi, don man koko ma yana sakin jiki wajen digiri 34, kuma wata baƙuwa ta shafa dagi ɗaya don ta ji ko zinariyar gaske ce, ta tafi da rabin ƙyallinsa a yatsa. Laifina ne, da na ja teburin taku biyu ciki.

A lissafin kuɗi ban ci riba ba. Sukari da ƙwai na gwaji biyu, kek ɗin gwaji, kwanakin da na ƙi karɓar wani aiki, da ladan mai lalle wanda ba ya cikin farashin da na yanka wa Hajiya, sun cinye abin da zai rage. Yanzu kafin in faɗi kuɗi sai na ji wurin da kek zai zauna, awa nawa, a wane wata, kuma zanen a sama yake ko a gefe. Ɗamarorin takardar da gilashin suna cikin fayil, an riga an sake neman dagin sau biyu.

Dab da yanka, gwaggon ango ta ɗauke faifan Gye Nyame ta naɗe a hankici. Sai ga wani dattijo, wan marigayi, wanda ya yi shekaru yana aikin babbar riga a Alabar kafin ido ya gaza. Ya zagaya teburin a hankali da sandarsa, yana duƙawa kan kowane dagi. A baya, wajen bango, ya tsaya.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Baba."

"Zo ki gani. Zaren nan ya hau sau biyu a jere. Da a riga ne, farkewa za a yi."

Na duƙa. Gaskiyarsa, a ɗaya daga cikin ukun bayan azahar. Na waiga, yarinyata ta shige bayan masu rabon sobolo, wato zoɓo.

"A yi haƙuri, Baba."

Ya miƙe yana gyara hula. "Sauran bakwai sun ɗauru. In an zo yanka, ki cire mini wannan ki sa a faranti tun kafin Tonawa su gani."